Rabon Tulu da na Dattijo

A bayan gidan Baba akwai barga mai ɗaki biyu. Ɗaya na Dattijo ne, tsohon doki dogo mai sanyin hali. Ɗayan na Tulu ne, ɗan ƙurun doki gajere da jikoki ke hawa. Auta, ƙaramar 'yar Baba, ita ke kula da su.

Abincinsu ɗaya, ciyawa da dusa, amma Dattijo sai ramewa yake har ana ganin haƙarƙarinsa. Tulu kuwa ɗamarar sirdi ta daina zagaye shi.

Auta ta kira likitar dabbobi. Likitar ta shafa bayansu, ta duba haƙora da kofato.

"Baba, ciyawa na cika ciki, amma ba ta da duk abin da jiki ke so," in ji likita. "Ka ga kofaton Tulu yana tsagewa? A janye masa dusa. Akwai ƙwayoyin cike giɓi, bitamin ne da ma'adinai da abin gina jiki. Kowanne a nemo masa irin nasa."

Washegari uba da 'ya suka nufi shagon abincin dabbobi. Baba na shiga ya rungumi wani buhu mai hoton ingarma yana sukuwa.

"Ranka ya daɗe, tsere dawakin naka suke yi?" mai shago ya tambaya.

Auta ta tuntsire da dariya. "Tsere? Tulu ko ƙuda zai kora sai ya yi shawara da jelarsa."

Mai shago ya tambayi shekarunsu, da aikin da suke yi, da irin ciyawar da suke ci. Ya zaɓo wa Tulu mara sa ƙiba, Dattijo kuma na tsofaffi, wanda za a haɗa masa da dusarsa. Sannan ya miƙo ɗan kofin awo.

Baba ya juya kofin a tafin hannunsa. "Wannan ai ko kaza ta raina shi."

"Kaɗan ne, amma ya isa," in ji mai shago.

Aka yi makonni ana awo, ba abin da ya sauya. Tulu na nan kamar ganga, Dattijo kamar tsani. Auta ta fara yi wa mahaifinta kallon tuhuma.

"Baba, faɗa mini gaskiya. Kana ƙara masa a ɓoye?"

"Ni? Wallahi ko ƙwaya ɗaya! To, sau ɗaya na ba shi karas, shi ma rabi."

Da safe suka zuba abinci, suka yi kamar sun tafi, suka laɓe bayan tarin ciyawa. Tulu ya lashe nasa kafin ƙiftawar ido. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya sa leɓe ya ture sakatar ƙofarsa. Haka ya yi wa ta Dattijo. Tsohon, da haƙora suka ƙare masa yake tauna a hankali, sai ya matsa gefe kamar mai karɓar baƙo. Da Tulu ya share kwanon Dattijo tas, ya koma ɗakinsa ya tsaya salin-alin.

Baba ya yi dariya har da hawaye. "To, Auta, wa za a ba haƙuri yanzu?"

"Tuba nake, Baba."

A ranar aka ɗaura wa ƙofar Tulu ƙugiya. Likita ta ce a riƙa jiƙa wa Dattijo nasa da ruwa don ya yi laushi. Baba ya kawo kujera barga, kullum yana zaune gefen tsohon yana masa hira har ya cinye, Tulu na harararsu ta saman ƙofa.

Sannu a hankali haƙarƙarin Dattijo ya ɓace, gashinsa ya soma sheƙi, sabon kofaton Tulu ya fito lafiyayye. Ranar da jikoki suka zo hutu, Dattijo ne ya fara tarbarsu a bakin shinge, har da ɗan gudu.