Dutsen da Aka Jefa Sama

Malam Iorkyaa yana zagaye tsakanin bencina, hannuwansa a baya, sai Mutmainna ta ɗaga hannu. Tun farkon zangon nan aikinsa ke nan a ajin SS2. Madam, mai makarantar, ta kawo sabon tsari: ɗalibai su kalli darasin Fiziks a bidiyo a gida, in sun zo aji su yi ta amsa tambayoyi. Ɗanta Sebastian, wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, shi ke ɗaukar bidiyon yana turawa ta wasap. Shi kuwa Iorkyaa, bayan shekara ashirin da biyu yana riƙe da alli, an gaya masa a gaban sauran malamai kada ya ƙara tsayawa gaban allo yana bayani, wai yana ruɗa yara.

"Sa, bidiyon jiya ya ce in aka jefa dutse sama, da ya kai ƙarshe ƙasa tana daina jansa. To me ke dawo da shi?"

Dama ya san tambayar nan za ta zo. Shi ma ya kalli bidiyon da safe cikin keke napep a hanyarsa daga Shabu, ya maimaita wurin sau uku yana fatan kunnensa ne. Ba kunnensa ba ne. Ya tuna Malam Norbert na Kemistri, wanda ya gyara wa Sebastian kuskure a gaban yara zangon da ya wuce, aka sallame shi, yanzu yana noman doya a Agyaragu. Ga shi kuma shi Iorkyaa 'ya'yansa biyu a nan suke karatu albarkacin aikinsa.

Yara arba'in sun zuba masa ido. Gwajin Juma'a Sebastian ne zai duba shi. Jarrabawar WAEC da ke jiransu baɗi kuwa ba ta san wani Sebastian ba.

Malam Iorkyaa ya ce kowa ya ci gaba da aikinsa. Sannan ya zauna a gefen bencinta, ya rage murya, ya ce mata dutsen ne ke tsayawa na ɗan ƙiftawar ido, amma jan ƙasa ba ya tsayawa ko kaɗan. Ta gyaɗa kai, ta tambaye shi wanne za ta rubuta ranar Juma'a.

"Rubuta na bidiyo, 'yata."

"Ko da ba daidai ba ne?"

"Na gaskiyar ki sa shi a shafin ƙarshe na littafinki. Da fensir."

Ta juya littafin ta fara rubutu a hankali. Wandoo da ke kusa da ita ta leƙa, ita ma ta juya nata. Haka abin ya yi ta tafiya benci bayan benci har layin baya.

Ana cikin haka Madam ta leƙo ta ƙofa. Ta ga kowa ya duƙufa yana rubutu, ta yi murmushi, ta ce masa ai ga shi tsarin ya fara aiki.

Ya miƙe tsaye ya ce, "E, Ma."