Ba Tsakuwa

Shekarar da aka ba mu jiha, Birnin Kebbi ta cika maƙil da ma'aikata. Kowa ya baro iyali a Sakkwato, ba tukunya ba murhu, sai yunwa. Nan maigidana, Malam Hodi, ya zo da dabara: mu sayo shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, daga Augie, in turara, a kai inji, in tsince, mu sayar wa masu gidan abinci. Awakina kaf aka kaɗa kasuwa don wannan sana'a. Tun ban ɗora tukunya ba ya sa aka rubuta a jikin buhu: BA TSAKUWA.

Bawan Allahn nan gaggawa ce da shi, ko alwala yake sai ka rantse mota za ta bar shi. Ni kuwa ɗiyar Argungu ce. A gidanmu, in baƙo ya tauna tsakuwa, mai girkin ba ta ƙara ɗaga kai a ranar.

Mutum ɗaya ce ta yarda ta gwada mu, Maman Juliet, mai gidan abinci a Badariya. Ta ce in shinkafar ta yi, ba ta ƙara saye wurin kowa. In ba ta yi ba, mu kama gabanmu. Wato ko dai ita, ko awakina sun tafi a banza.

Na baza faifai ina tsinta ƙwaya-ƙwaya. Mako ya wuce buhu bai kai rabi ba.

“Riskuwa, wanga tsinta ko ƙidayar jama'a?” in ji Malam.

“Malam, kai ka rubuta ba tsakuwa, ba ni ba.”

Ashe ya ƙulla tasa. Ina barka a maƙwabta, ya cike buhun da wadda ban taɓa ba, ya ɗaura a keke, sai Badariya.

Washegari da hantsi sai ga Maman Juliet, ko sallamar kirki babu. Ta kwance bakin zanenta ta zube mana tsakuwa a tabarma, ta kira ni da sunan ɗiyata.

“Maman Humaira, wannan daga faranti ɗaya ne! Wani oga ya tauna, har na bayan kanti sun ji ƙarar.”

Wayyo, kamar ƙasa ta tsage in shige! Malam kuwa ya washe haƙorin Makkansa, wai ai shinkafar fadama ce, dole a samu ɗaya-ɗaya. Na galla masa harara, na ce a ba ni mako biyu in tsince buhun tas.

“Mako biyu? Kafin nan in dafa musu me, haƙuri?” Ta dube ni ta dube shi. “Ke kin cika nawa, shi ya cika wuta. Wa ya ce buhu nake so? Kullum da safe ku kawo min ta yini ɗaya, tsintacciya. Abin da ban so ba in faɗa, ku gyara gobe. Amma kafin ta fito gidan nan, a dafa kaɗan maigida ya fara ci.”

Haka aka yi, kuma wallahi abin ya tafi. Yau ta ce ta cika karyewa, mu gyara shanya. Gobe ta ce da ƙaiƙayi, in ƙara sheƙa. Har maƙwabtanta suka fara aiko mana.

Amma Malam ai Malam ne. Ranar da aiki ya yi yawa, ya faki idona ya ƙara kwano guda na marar tsinta, ya manta cewa daga nan zan ɗebi ta ɗanɗano. Na dire masa faranti. Ya yi bisimilla, ya kai loma.

Ƙas!

Ya tofa a tafin hannu: ga tsakuwa, ga haƙorin Makka, abin da yake washe wa duniya tun dawowarsa aikin Hajji. Na so in tausaya masa, dariya ta hana.

Maman Juliet ba ta ƙara kawo ƙara ba, kuma na mayar da awakina. Sai dai yanzu, in rana ta ɗaga, ni ke tsaye a kansa da mayafi, shi yana duƙe kan faifai da tabarau yana juya ƙwaya ɗaya.

“Malam, don Allah yi sauri, tana jira!”

Ya ɗago, iska na fita ta wushiryar da bai nema ba. “Riskuwa, ba ki karanta buhun ba?”