Filashin Kafin Azahar

Musaddiq ya dawo daga karatu a Indiya da digiri na kwamfuta, bai sami aiki ba. Yana zaune a gidansu a Birnin Kebbi. In zaman ya ishe shi sai ya hau mota zuwa Argungu, shagon Aminullahi, ɗan kawunsa, mai ɗaukar bidiyon biki da walima.

Kwamfutar shagon tana da katin hoto da Aminullahi ya saya na hannu. Katin ne ke ɗaukar nauyin haɗa bidiyo, kuma yana da nawa. Tun zuwansa na farko Musaddiq ya ce zai iya gyara wannan. A cikin katin akwai wata ƙaramar manhaja da ke yanke masa iyakar gudu da iyakar wutar da zai ja. In aka yi masa filashin, wato aka sauya manhajar da wata wadda masu wasa da injuna suka sassauta, zai ƙara sauri.

"Ka bar mani kayana yadda kag gan su," in ji Aminullahi. "Jaki na, amma yana kai ni gida."

"Yaya, ko minti ɗaya ba zai ɗauka ba."

"Na ce a'a, Bature."

Layin shagunan janareta ɗaya suke amfani da shi. Yana bayan shagon Baba Tamba tela, abokin mahaifin Aminullahi, kuma makullin ɗakin injin yana hannunsa tun da aka gina layin. Da an kira sallah sai ya bi ƙofa ƙofa yana tambaya ko akwai abin da ke kan wuta. In babu, ya kashe, kowa ya tafi masallaci.

Wata rana Aminullahi ya tafi Augie ɗaukar wani ɗaurin aure, ya bar Musaddiq da shago. Kwamfutar a kashe take, da aikin bidiyon saukar karatu na wasu mutanen Birnin Kebbi a cikinta, saura fitarwa. Musaddiq ya kunna ta. Ya kwafe manhajar katin ta asali ya ajiye a wayarsa, ya sauko da sabuwar, ya duba lambobinta sun dace. Yana shirin dannawa ladan ya kira azahar.

Baba Tamba ya leƙo, tsinken allura a bakinsa.

"Ɗan Indiya, akwai abu bisa wuta?"

Musaddiq ya tsaya tsakanin tsohon da allon kwamfuta. Ya san in ya ce akwai, kafin magariba Aminullahi zai ji cewa an bar inji saboda ƙanensa yana aiki.

"Babu, Baba."

"To, ka taso. Sallah ba ta jiran masu digiri."

Ya lissafa cewa tsohon zai tsaya alwala. Ya danna. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya fara cika. Baba Tamba ya riga ya yi alwalarsa tun kafin ya leƙo. Ƙarar janareta ta mutu, allon ya yi baƙi. Batirin da ya kamata ya riƙe kwamfutar ya daɗe da lalacewa, yanzu a kansa Aminullahi ke ɗora kofin shayi.

Bayan sallah aka tada inji. Fankar katin ta juya da ƙarfi, allon bai nuna komai ba. Musaddiq ya kashe ya kunna, ya cire katin ya mayar, ya canza waya. Bai nuna ba.

Aminullahi ya dawo da la'asar, kyamara a wuya. Ya daɗe yana kallon baƙin allon.

"Mi yaf faru?"

"Na kunna ne in fitar maka da bidiyon saukar. Tana cikin aiki aka kashe wuta."

"Baba Tamba bai tambaya ba?"

Musaddiq ya duba wayarsa. "Ni dai ban ji ba."

Ya zaci maganar za ta tsaya nan. Aminullahi ya fita. Daga cikin shago Musaddiq yana jin komai.

"Baba, don Allah, sau nawa za mu yi wagga magana?"

"Wace magana? Na tambayi yaron, yac ce babu."

"Ya ce bai ji ka ba."

"Aminu, ni zan yi ma ƙarya? Ni da nir riƙe ka ranar suna?"

"Ban ce ƙarya ba. Amma watan jiya ma ka kashe wa mai aski inji da rabin kan mutum a hannu."

Wani ya yi dariya. Mai askin ya fito ya ce gaskiya ne, mutumin da hula ya tafi masallaci. Mai cajin waya ya ce shi ma yana da ƙorafi. Baba Tamba ya ƙwala wa Musaddiq kira. Musaddiq ya fito da sukurdireba a hannu, ya ce hankalinsa yana kan aiki a lokacin, ba zai iya rantsuwa a kan abin da aka faɗa ba. Tsohon ya dube shi, ya cire allurar daga bakinsa, ya koma shagonsa. Kafin a watse mai cajin waya ya ce ya kamata a zauna a kan maganar makullin.

Washegari Musaddiq ya naɗe katin a cikin tawul ya kai shi Birnin Kebbi. A mota ya rungume shi a cinya, tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kai jikanta asibiti. Ya tsara abin da zai faɗa wa Aminullahi. Ya tsara shi da Turanci, ya ga ya yi kyau. Da ya juya shi Hausa sai ya ji ba zai iya furtawa ba.

Kalilu, abokinsa na sakandare, yana gyaran kwamfuta kusa da babbar kasuwa. Suka sa mataccen katin a wata kwamfuta mai nuna hoto da kanta. Ta gan shi, da ƙyar.

"Wuta ba ta yin wannan," in ji Kalilu. "Wa ya yi mai filashin?"

"Wani."

"Wanin nan da shi munka yi aji guda?"

"Kai dai ba ni kujera."

Musaddiq ya mayar da manhajar asali daga wayarsa. Karo na farko ta ƙi. Karo na biyu ta shiga. Suka haɗa allon da katin, hoto ya fito. Kalilu ya tambaye shi ko zai gwada sabuwar tunda nan akwai batiri mai rai. Ya ce a'a.

Ya isa Argungu da rana. Aminullahi ya mayar da katin da kansa, ya kunna, ya ga aikin saukar yana nan lafiya. Ya buga kafaɗar Musaddiq har ta yi zafi.

"Ashe karatun ba na banza ba ne! Mai ɗakina Mansura ta ce in ka tashe shi, za ta yi ma tuwon shinkafa da kifi ka ci har ka kasa tashi."

"Yaya, akwai maganar da…"

Sallama ta katse shi. Baba Tamba ne, awon tela a wuyansa. Ya ajiye makullin ɗakin inji a kan tebur, kusa da kwamfutar.

"Mun zauna da sahe," in ji shi. "Sun ce kai za ka riƙe, Aminu. Ni ma na ga haka ya fi."

Aminullahi ya sunkuyar da kai. "Baba, ni ban nemi wannan ba. Zahin rai na jiya."

"Riƙe dai." Ya juya wajen Musaddiq. "Ɗana, na kwana ina tunani. Na so in rantse na tambaye ka, amma kunnen ya tsuhwa, kan ma haka. Ƙila a shagon mai aski nit tambaya, nij ji kamar nan na. Na sa ka wahalar hanya, na kusa kashe wa ɗan'uwanka sana'a. Ka yahe mani."

Ya miƙo hannu biyu. Aminullahi yana kallo. Mai cajin waya yana tsaye a bakin ƙofa, shi ma yana kallo. Musaddiq ya rusuna ya karɓi hannun. Yatsun tsohon duk kanta ce ta almakashi.

"Ba komai, Baba."

"Allah shi yi ma albarka. Allah shi ba ka aiki."

"Amin."

Tsohon ya fita a hankali. Aminullahi ya jefa makullin a aljihu, ya ja kujera, ya danna fitar da bidiyon.

"Mi kake son cewa ɗazu?"

Musaddiq ya dubi ƙofa. Daga shagon da ke maƙwabtaka keken ɗinki ya fara aiki.

"Batirin nan," ya ce. "Ya kamata a canza shi."