Gangar Farko a Gonar Delvigne

Zélie Delvigne ta buɗe gangar giyar da kanta. Mutum tara na tsaye a ƙofar rumbu, ba wanda ya sauke ƙunshin kayansa. Duk shekara masu girbi kan taso daga yankin Flandre, kuma ba sa ɗaukar lauje a gona sai shugabansu ya ɗanɗana giyar gidan. In ba ta yi masa ba, sai su wuce gaba. Alkamar Zélie kuwa ta nuna har ta fara zuba.

Tun da mahaifinta ya rasu ta baro makarantar horar da malamai ta Mons ta dawo gona. Tukunyar jan ƙarfen da yake dafa giya da ita, sojojin Jamus sun tafi da ita lokacin yaƙi. A tukunyar baƙin ƙarfe ta dafa wannan, cikin tsakiyar hunturu, ita kaɗai, hannuwanta duk sun tsage. Maƙwabta suka hana ta yis, sai ta kankaro daga gindin tsohuwar ganga.

Tsoho Nand, shugaban, ya karɓi kofi ya shinshina. Ɓawon lemo, citta. Ya kurɓa, ya riƙe a baki ya daɗe.

"Malama, a wane littafi kika karanto wannan?"

Mutanensa suka yi dariya.

"Tsami kamar bakin surukata. Ta Hennebert, maƙwabcinki, an ce bana kamar zuma."

"To ga hanya nan, Baba Nand." Zélie ba ta sauke ido ba. "Sai dai ban dafa ta don mai zaman inuwa ba. Ka yanke mini layi ɗaya, sannan ka sha. In har yanzu surukarka ce, ni zan raka ku gidan Hennebert."

"Aikin banza za ki sa ni?"

"Ko dai bayan naka ne ya tsufa?"

Wannan karon dariyar a kansa ta faɗa. Nand ya tuɓe riga, ya fizgi lauje.

Rana na tsaka. Zélie ta tsaya da kofi a hannu tana kallonsa yana nisa. Layin mai tsawo ne, da gangan ta nuna masa shi. Biyu daga cikin mutanen sun riga sun juya suna duban hanyar gidan Hennebert.

Ya dawo jiƙe sharkaf, yana haki. Bai shinshina ba. Ya kafa kai sai da ya ga gindin kofin, ya share gashin baki.

"Har yanzu da tsami," ya ce. "Kofi biyar a rana kowane mutum."

"Huɗu. Na biyar sai damin ƙarshe ya shiga rumbu."

Nand ya juya ga mutanensa.

"Me kuke jira? Ku sauke kaya."