Takardar Asibitin da Na Yanka Kwala

Ƙarfe sha biyu da rabi 'yata Auta ta faɗo shagona, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ta wuce teburin yanka, ta ɗaga tulin yadudduka, ta zaro wata wasiƙar kwalejinsu da ta kwana goma a wurin ban buɗe ba. Ni tela ne, shekara ashirin da shida ina taka keke. Auta ce ta farko a gidanmu da ta shiga kwaleji, da tallafin karatun da ƙwaƙwalwarta ta ciyo mata. Ƙwaƙwalwar ta wajen uwa ce.

"Baba, za su yanke min tallafi."

"A kan me? Ai ba ki faɗi ko ɗaya ba."

"Sharaɗin shi ne in ci kashi biyu cikin uku na darussan da na yi rajista. Shida na ɗauka, uku na ci. Ukun da na ajiye, a wurinsu daidai suke da faɗuwa."

Na san wanda ya kawo shawarar ajiyewar. A zangon da ya wuce na hau tsani zan gyara fanka, aikin da ba wanda ya sa ni, na sauko ba ta tsanin ba. Wata biyu ina kwance da karyayyen ƙugu, uwarta na wajen aiki, Auta ke jinyata. Daga kan gadon nan na ce mata, da muryar masana, "Ajiye uku, ki riƙe uku da kyau. Mu ma in ɗinki ya yi yawa, mayar da wani muke yi." Yarinya mai biyayya, ta ji maganar ubanta.

"Ana iya kai koke," in ji ta, "amma yau ƙarfe huɗu ake rufewa. Suna son takardar sallamarka daga asibiti, su ga an kwantar da kai kafin in ajiye darussan. Tana ina?"

Neman wata takardar a asibiti sai a yi kwana uku. In tallafin ya tafi, karatun ya tafi, don kekena ba zai iya ɗaukarsa ba.

Idona ya kai kan ƙusar bango, inda nake rataye kwalayen awo da nake ɗorawa a kan yadi in yanka. Nata idon ya bi nawa. Ga kwala, ga aljihu, ga bakin hannu, kowanne da rubutun likita a jikinsa.

"Baba... yanka ta ka yi?"

"Takarda ce mai kauri, Auta. Ba a cika samun irinta ba."

Ba ta yi kuka ba. Da kukan ta yi, da ya fi min sauƙi.

Abu ɗaya ya cece mu: tela ba ya zubar da ƙyalle. Muka zazzage buhun rage-rage a tsakar shago, muka durƙusa muna tsince, ƙuguna na tuna min da tsani. Sai biyu da rabi muka haɗa gutsattsarin. Na shimfiɗa su a kan farin ƙyalle, na bi su da keke.

Huɗu saura kwata muka shiga ofishin tallafi, bayan layin mutum tara. Shugabar ofishin, wata mata mai tabarau, ta ɗaga aikina da yatsu biyu.

"Wannan fa?"

"Takardar asibiti ce, ranki ya daɗe."

"Na ɗauka rigar jariri ce."

Ta duba hatimi, ta duba sa hannun likita, ta tsaya a kan kwanan wata. Ɗinkina ya bi ta tsakiyar lambar watan.

"A wata na huɗu ta ajiye darussan," in ji ta. "In wannan uku ne, kokenku ya shiga. In takwas ne, ba abin da zan iya yi. Ni kuma zare nake gani."

Agogon bango ya ce saura minti bakwai. Na zaro ƙaramin almakashi daga aljihu zan warware ɗinkin. Kuskure ɗaya, in huda lambar gaba ɗaya. Auta ta karɓe almakashin ba tare da ta kalle ni ba. Zare ɗaya, biyu, uku. Ban san ranar da ta koya ba. Matar ta kai takardar bakin taga, ta daɗe tana kallo, ni kuwa na daina numfashi don kada in dame ta.

"Uku ne."

Ta buga hatimi.

"Zango ɗaya na gwaji, 'yata. Duk darasin da kika ɗauka sai kin ci shi. Kika ajiye ko ɗaya, shi ke nan." Ta leƙo ni ta saman tabarau. "Kai kuma, malam tela, ban da tsani."

A kan matakala muna saukowa na gyara murya. "Auta, ni a ganina, wannan zangon ki ɗauki..."

Ta tsaya, ta juyo, almakashina har yanzu a hannunta.

Na ce, "Ki ɗauki hannuna, ƙugun ne."