Tsumman da Ya Kusa Hana Gwaggo Hawa Jirgi

Ni na fara ganin tsagar nan, kuma a waya na gan ta, alhali mutanen gidan kullum a gindin bishiyar suke shan iska. Autata ce ta kira ni ta bidiyo tana nuna min ɗakin da suka gina wa yara. Na ce mata, "Ke, ɗaga wayar nan sama." Ta ɗaga. Wani ƙaton maɗaci ne ya yi wa ɗakin rumfa, kuma daidai inda ya rabu biyu na hango wani baƙin layi ya gangaro.

"Baba, inuwa ce."

"Inuwar gidanku. Ku kwashe yaran daga ɗakin nan yau."

Surukina, malamin makaranta ne mai ladabi da gilashi, ya kira masu saran itace na garinsu. Suka ce sai dai su kayar da shi gaba ɗaya daga gindi. Gaba ɗaya! Ko ya faɗa kan ɗakin, ko kan katangar maƙwabci, babu waje na uku. Ga hadari ya fara haɗuwa a can, ranar da aka yi iska mai ƙarfi shi ke nan. Na ce kada wanda ya taɓa shi, ina zuwa. A mota kwana uku ne, ga hanyar ba tsaro, sai Auta ta yanko min tikitin jirgi.

Ni ban san alif ba, ban san bihim ba, amma shekara arba'in da biyu ina hawa sama da igiya, sau ɗaya tak na faɗo, shi ma ƙasa ba ta same ni ba. Saboda haka jirgi bai ba ni tsoro ba. Damuwata Gwaggo ce, wato zartona mai inji. Na raɗa mata sunan ne don in ta fara magana ba a jin ta kowa. Ba na hawa da zarton aro, kamar yadda ba na sa haƙoran wani in ci nama.

Surukina ya tambayo min kamfanin jirgin. Suka ce za su ɗauke ta a cikin kayan da ake sa wa a cikin jirgi, amma da sharaɗi: kada a ji ko ɗigon fetur, kada a ji ko warinsa. Na ce wannan aikin yara ne. Na juye tankin, na tayar da ita ta yi ta ihu har ta mutu da kanta. Na zubar da baƙin mai, na cire sarƙa da ƙarfen da take zagayawa, na zare fulogi, na buɗe murfin tanki na shanya ta kwana uku a kan rufin kwano. Da yake hancina ya daɗe da daina jin fetur, sai na kai wa tsohuwa, matata, wadda in an ƙona wake a layi na uku tana faɗin gidan.

Ta shinshina ta ce, "Yau kam ta fi ka tsabta."

Da safe na haɗa akwati da hannuna: damarar hawa, igiya biyu, ƙugiyoyi, ƙarafan ƙafa masu tsini da nake soka wa itace, hular kwano. Sannan na naɗe Gwaggo a cikin tsummanta kamar kullum. Tsumman nan rigar da ke jikina ce ranar da na faɗo, igiya ta riƙe ni saura taku biyu in taɓa ƙasa. Tun daga ranar da ita nake goge injin, da ita nake naɗe shi, ban taɓa hawa bishiya ba tare da ita a gindi ba.

Tsohuwa ta rako ni filin jirgi, wai don ta ga yadda za a koro ni. Aka ɗora akwati a sikeli, aka tura shi cikin na'ura, sai ga wata mai duba kaya, sa'ar Auta, ta yafito ni zuwa wani tebur na ƙarfe.

"Baba, yaƙi za ka?"

"Aiki zan je, 'yata. Jikokina ne a ƙarƙashin bishiya."

Ta ɗaga ƙarafan ƙafa tana juyawa. Na nuna mata yadda ake ɗaura su, har na taka ƙafar teburin sau biyu, abokin aikinta ya ce ya isa haka. Igiya ta wuce, damara ta wuce. Tana kai hannu kan Gwaggo sai ta ja da baya, ta toshe hanci.

"Wannan ba za ta hau ba. Warin fetur har cikin kaina."

Na rantse mata. Na ba ta labarin kwana uku a kan kwano. Ta ce ita ba ta musa ba, amma hancinta ma bai yi ƙarya ba. Lasifika kuma ta fara kiran jirginmu. Na tsaya da hula a hannu, ina ganin ɗakin yaran nan a idona. In na bar Gwaggo, me zan je yi? In tsaya a gindin maɗaci in yi masa nasiha?

Can sai na ji muryar tsohuwa daga bayan igiyar da aka tare masu rakiya da ita.

"'Yar nan! Ba injin ba ne, wannan ƙazamin tsumman ne! Shekara talatin ina fama da shi!"

Jama'a suka juyo. Mai duba kaya ta warware tsumman da yatsa biyu, ta miƙa wa abokinta ya yi nesa da shi. Ta goge Gwaggo da takarda, ta jira kaɗan, ta buɗe tanki ta kai hanci. Ta sake kaiwa. Ta kira wani babbansu shi ma ya shinshina, ya leƙa da tocila.

"Injin zai tafi," in ji shi. "Tsumma kuwa ko a aljihu ba zai shiga ba."

Wallahi da cewa suka yi in bar takalmina da ya fi min sauƙi. Amma na ɗauke shi na kai wa tsohuwa. Na ce, "Amana. Kada ki ƙona."

"Je ka, tsoho, kada jirgin mutane ya tafi ya bar ka."

Jirgin kuwa ba wani abu ba ne. Ba ya ko lilo kamar reshe. Na kusa da ni ya runtse ido yana ta addu'a, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, yana tare da wanda ya san sama.

Washegari na hau maɗacin, karo na farko babu tsumma a gindi. Ba zan ɓoye ba, sai da na duba ƙasa sau biyu. Daga nan Gwaggo ta buɗe baki, na manta da komai. Daga ƙololuwa na fara, reshe reshe, kowanne in ɗaure shi da igiya in sauke shi a hankali, surukina da maƙwabta suna karɓa. Kwana biyu muka yi. Da na iso wurin tsagar sai hannuna ya shige har gwiwar hannu, cikin duk ya ruɓe. Surukina ya cire gilashi ya goge, ya ce, "Baba, ashe ba inuwa ba ce." Ko kwano ɗaya bai lotse ba. Kwana huɗu bayan haka aka yi iskar da ta kwashe rumfunan kasuwarsu, jikokina suna cikin ɗakinsu suna faɗa a kan filo.

Da na dawo gida na tarar da tsummana a kan igiyar shanya. Ba ta ƙona ba, wanke shi ta yi, har sau biyar in ji ta. Ashe rigar shuɗiya ce, ni na manta.

Duk wanda ya ce ƙari na yi, kututturen yana nan a tsakar gidan Auta, mutum shida na zama a kai su ci abinci. In tafiya ta yi masa nisa, ya zo gidana, ga damara ga igiya, ga dogon itace a ƙofa. Ya hau rabin inda nake hawa, in ya sauko da wandonsa a bushe, na ba shi Gwaggo kyauta.