Irin Koko Talatin da Ɗaya

Shekara talatin da huɗu ina riƙe da shagon irin da Baba ya sakar mini a ƙauyenmu, kusa da garin Naaldwijk. Irin kabeji, karas, albasa, wake, duk ta hannuna suke bi: in shanya su su bushe ƙayau, in zuba a ambulan, in jera a firij. Ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya an ce bai tsiro ba. Amma ka tambayi kowa a garin nan wa ya san iri a cikin 'ya'yan tsoho Sjoerd, sai ka ji an ce Hidde.

Hidde ƙanena ne. Yana ɗan shekara ashirin ya bar ni da shago da Baba, ya tafi ƙasar Suriname ya sha rana ya ƙoshi. Ya dawo da mata, Sumarni, da jaririyarsu Lieke, da wani ɗan tsiro a gwangwanin madara. Tsiron nan ne ya zama bishiyar koko, wanda ake cakulan da shi, a ɗakin gilashin da ya gina a bayan gidansa. Daga nan ya shiga aika wa mutane ƙwallon mangwaro da na fiya da wasu da ban ma iya faɗin sunansu ba, a jiƙe, cikin leda, kamar mai aika ragowar abinci. Sai ga wasiƙun godiya daga ko'ina.

Baba kuwa, mai shekara tamanin da takwas, kullum da safe zai bi ta ƙofar shagona da sandarsa, ya ɗaga mini hannu, ya zarce wurin Hidde. Wai ɗumin ɗakin yana yi wa gwiwarsa daɗi. Ni ce mai dafa masa dankali, ni ce mai wanki, hira kuwa ta Hidde ce. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba zan ɓoye ba, abin ya daɗe yana ci mini rai.

Bayan rasuwar Sumarni bishiyar ta soma ciwo, ganye na zuba. Bara ƙwallo ɗaya tak ta yi, kuma kowa ya ga na ƙarshe ne. Lieke, wadda ke aikin lambu a Denmark, ta roƙi a aika mata irin, ta raya bishiyar uwarta a can. Ana saura kwanaki ƙwallon ya nuna, Hidde ya faɗo daga tsani ya karya ƙugu.

Muka je duba shi asibiti ni da Baba. Ya miƙo mini takarda.

"Yaya Aukje, in aka jira in fito, ƙwallon ya lalace. Ga shi na rubuta komai."

"Ni za ka rubuta wa yadda ake ƙunshe iri? Kana tsumman goyo nake lasar ambulan."

"Na sani. Amma wannan ba kabejinki ba ne. Kar ki shanya, kar ya ga firij. Ki wanke, ki kwantar da su cikin gansakuka mai laima, ki huda ledar. Ranar Litinin za ki kai gidan waya, kar su yi Lahadi a hanya cikin sanyi."

"Kabejin nawa dai shi ya raine ka."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ke dai bi takardar, Aukje. Yaron ya san abinsa."

Yaro wai. Ƙato mai shekara hamsin da biyar.

Na karanta takardar, har sau biyu. Na fasa ƙwallon a kan teburin shago, na ƙirga iri talatin da ɗaya, kowanne cikin farin yauƙi. Har na jiƙa gansakukar a kwano. Sai na tsaya ina kallonta, maganar Baba na yawo a kunnena. Na ce a raina, iri ai iri ne. In na yi yadda na gada suka tsiro, a ranar Baba zai san wa ya haifa. Can ƙasan zuciyata kuma akwai wata magana: in ma ba su tsiro ba, a ga yadda ɗan lele zai yi ba bishiya. Na ji ta sarai, na yi kamar ban ji ba.

Na baza su a kan jarida kusa da bututun ɗumama ɗaki. A kwana na biyu, abin da ba a saba ba, Baba ya shigo shagon. Ya ga kwanon gansakuka, ya ga jaridar. Ya ɗauki iri ɗaya ya matsa da yatsa, ya mayar, ya dube ni, ya fita. Suka cika kwana huɗu, suka ƙara biyu a firij. Na zuba su a ambulan mafi kyau, na tsara sunan Lieke da hannuna.

Bayan sati uku, ranar Lahadi, muna cin abincin rana a gidana, Hidde ya jingine sandunansa a bango, sai wayarsa ta yi ƙara. Lieke ce. Ya buɗe murya don kakanta ya ji, ta ce wa ubanta:

"Baba, ko ɗaya bai fito ba. Na tona, duk sun ruɓe. Dama a bushe suka iso, cikin ambulan, na dai shuka ne kawai." Sai ta ce, "Akwai wani ƙwallon?"

Hidde ya ɗago kai. Ni ya tsura wa ido.

"Yaya, ba ki karanta takardar ba?"

Kafin in haɗa kalma, Baba ya ajiye cokali.

"Ta karanta. Har gansakuka ta jiƙa, na gani. Ni na hana ta. Na ce a gidan nan ba a taɓa aika jiƙaƙƙen iri ba, ta yi yadda na koya mata."

"Kai, Baba? Kullum kana zaune ina ƙunshe su a gabanka."

"Ni ne. Tsufa ne."

Hidde ya lalubi sandunansa ya miƙe da ƙyar. Bai ƙarasa abincin ba. Ni kuwa ina zaune, na bar tsoho ya ɗauki kayana a kansa.

Bishiyar ta ƙarasa bushewa a watan Janairu. Hidde yana gaida Baba in sun haɗu a coci, iyakarta ke nan, kuma Baba bai sake taka ɗakin gilashin ba. Yanzu kullum da safe shagona yake shigowa, ya zauna a kujerar da ke jikin firij, har azahar. Abin da na yi shekara talatin ina nema ke nan. Ba ya hira, ba ya kallona, sai dai ya riƙa murza gwiwarsa, don shagon akwai sanyi. Jiya na kawo masa bargo, ya karɓa ya ce ya gode, kamar yadda ake gode wa baƙo.